Ku Daina Yi wa Tarantula Feshi Kullum

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da Riyad. Tun da bidiyon nan ya zagaya a TikTok, na mutumin da ke fesa ruwa safe da yamma a kan tarantula, wato babban gizo-gizon nan mai gashi da ake kiwo a akwatin gilashi, tambaya ɗaya ake ta turo mini: "Yaya, gizona ya naɗe ƙafafu, me zan yi?"

Amsar na tafe, amma bari mu fara da zafi da laima. Batun zafi ba zai ɗauke mu lokaci ba. Yawancin waɗanda ake kiwo suna zaman lafiya tsakanin digiri 21 zuwa 28. Kada akwatin ya zauna a bakin taga, ranar Makka ta bazara sai ta mai da gilashi tanda. Kada kuma ya fuskanci mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. In sanyin Riyad ya sa ka sayi shimfiɗar ɗumama, manna ta a gefe tare da na'urar da ke kayyade zafi. Kada ta shiga ƙarƙashi, domin gizon nan in zafi ya dame shi ƙasa yake tonawa, sai ya tarar da wutar tana jiransa.

To ga inda ake kuskure: laima. Mutum ya karanta cewa gizonsa na son laima sosai, ya ga mukayyif ya busar da ɗaki, sai ya toshe ƙofofin iska da salatif, ya kama feshi har gilashi ya yi gumi. Ku dubi wannan akwatin. Wannan farin abin da ke kusurwa fumfuna ce. Tarantula da ƙasan cikinsa yake numfashi, ta huhu huɗu masu shafi-shafi kamar littafi, kuma iska mai jiƙe da ba ta motsi cutar da shi take yi. Irin Avicularia, masu zama kan bishiya, su ne suka fi mutuwa a haka.

Danshin da yake bukata a cikin ƙasa yake. Ku kalli hannuna: ina cika ƙaramin kofin ruwansa har ya malala kaɗan, kusurwa ɗaya ta jiƙe zuwa can ƙasa, sauran a bushe. Shi zai zaɓi inda yake so. Ramukan iska kuwa a buɗe, ta ɓangarori biyu. Ni dai ɗan agogon auna laimar nan ban ba shi muhimmanci ba, yatsana nake tsomawa cikin zaren kwakwar da aka shimfiɗa masa a matsayin ƙasa.

Kuma ba duka suke ɗaya ba. Grammostola rosea daga busassun yankunan Chile ya fito, ƙasa busasshiya da kofin ruwa sun ishe shi, har za ka gan shi ya haye gilashi in ƙasar ta jiƙe. Theraphosa na dazuzzukan Kudancin Amurka kuwa yana son ƙasa mai danshi kullum. Ƙananan 'ya'yansu sun fi saurin bushewa.

Soso a cikin kofi? Cire shi, ƙazanta yake tarawa. Da bakinsa yake sha.

Gizo-gizo da matsin ruwan jikinsa yake miƙa ƙafafu. Shi ya sa wanda ƙishirwa ta kama za ka ga cikinsa ya yamutse, ƙafafu sun naɗe ƙarƙashinsa. A hankali ka kai bakinsa gefen kofin, cikinsa kuma kada ya nutse a ruwan.

Hajiyoyinmu, ku yi haƙuri, turaren wuta da maganin sauro ba sa shiga wannan ɗakin.

In kuwa ka same shi kwance a kan bayansa, kamar wannan, yawanci saɓa yake yi. Kada ka juya shi, kada ka fesa masa komai. Fitar da gyaren abincinsa da ya rage a akwatin, cika kofi, ka bar shi.