Muhawarar bindiga a ajin sakandare

Malama Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro. Malam Sani, malamai a nan Kaduna sun dame mu da tambaya guda: shin ya dace a bar ɗaliban sakandare su yi muhawara kan mallakar bindiga?

Malam Sani: Ya dace ƙwarai, Malama, domin ko mun hana su a aji, suna yin ta a waya. Sai dai kada a yi musu irin muhawarar da muka saba, wadda ake raba yara gida biyu, kowa ya haddace takardarsa, ya gaishe da alƙalai, ya zazzage ta, a tafa.

Malama Hadiza: Irin ta "likita ya fi malami amfani"?

Malam Sani: Ita kuwa, wadda har yau malamai ne ke ba likita nasara! Sharaɗina shi ne, kada ɗalibi ya soki ra'ayin abokinsa sai ya fara maimaita shi, har mai ra'ayin ya amince cewa abin da yake nufi ke nan. Ki duba Amurka: mai kare bindiga yana kafa hujja da gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na shekarar 1791, wanda ya tabbatar wa jama'a 'yancin mallakar makamai, mai neman a tsaurara doka kuma yana ambaton harin bindiga na garin Parkland, inda aka kashe mutum 17 a makarantar sakandare a 2018. Kuma fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a can, su ne suka harbe kansu, wanda hakan ke sauya tambayar baki ɗaya.

Malama Hadiza: Amma mu damuwarmu 'yan bindiga ne.

Malam Sani: Shi ya sa nake farawa da Amurka, domin yaro ya fi iya sauraro idan wutar ba a gidansu take ci ba. Daga baya sai a dawo gida, a kawo musu kiran da gwamnatin Matawalle ta yi wa mutanen Zamfara a 2022 cewa su nemi lasisin bindiga, a tambaye su wa zai karɓe makaman ranar da rikici ya lafa.

Malama Hadiza: To, yarinyar da aka sace mahaifinta a hanyar Birnin Gwari fa, tana zaune a layin gaba?

Malam Sani: A sanar da ajin tun kafin ranar, kuma kada a nuna ta a ce ta ba da labari. Akwai kuma batun iyaye, wanda...

Malama Hadiza: Malam, lokaci ya ƙure mana, sai mako mai zuwa.