Kibiyoyin kankare a hamadar Amurka: ina suke nunawa?

[Hoto daga sama: kibiyar kankare a tsakiyar fili]

Wannan hoton ya zaga sosai a intanet. Kibiya ce ta kankare shimfiɗe a ƙasa a yammacin Amurka, tsawonta mita 15 zuwa 20, ba gida ba titi a kusa da ita. Na bi abin da jama'a suke rubutawa a ƙarƙashinta. Wani ya ce dukiya aka binne a wurin, wani ya ce aikin sirri ne na soja, masu cewa aljanu ma ba a bar su a baya ba. Waɗanda suka fi kusa da gaskiya su ne masu cewa kibiyar tana nuna wa jirgin sama filin sauka. Sun kusa, amma ba su kai ba. A nan za mu daɗe yau.

Tarihin kuwa, bari mu bi shi a guje.

A 1918 hukumar gidan waya ta Amurka ta fara aika wasiƙu ta jirgin sama tsakanin Washinton da Niyok. Zuwa Satumban 1920 hanyar ta miƙe daga Niyok har San Faransisko, sama da kilomita 4,000. Ga jirgin nan, DH-4, ragowar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Katako ne da yadi, matuƙi yana zaune a buɗe, iska tana dukan fuskarsa. Ba rediyon da zai yi masa jagora. Leƙa ƙasa yake yi, ya bi kogi ko layin dogo, har matuƙan suka sa wa layin dogon suna kamfas na ƙarfe. Magariba tana yi aiki ya tsaya, a kwashe buhunan wasiƙu a zuba wa jirgin ƙasa ya kwana yana tafiya da su. 'Yan majalisa suka fara tambaya: idan jirgin ƙasa ne zai yi rabin aikin, me ya sa ake kashe kuɗi ana kuma asarar rayuka?

[Tsohon hoton Jack Knight]

Sai aka shirya gwaji ranar 22 ga Fabrairun 1921, a tafi dare da rana. Jirage huɗu suka tashi, biyu daga gabas biyu daga yamma. Ɗaya ya faɗi a Elko ta jihar Nevada, matuƙinsa ya rasu. Wannan mutumin da kuke gani, Jack Knight, shi ya karɓi wasiƙun a garin North Platte na jihar Nebraska cikin dare. Mutanen garuruwan Nebraska suka fito suka hura manyan wutace a fili, yana bin su har Omaha. Da ya isa, babu wanda zai canje shi. Ya ɗauki taswirar hanyar mota da tocila, ya nufi hanyar da bai taɓa bi ba, cikin sanyi da dusar ƙanƙara. A Iowa City mai gadin filin ne ya ji ƙarar injinsa ya kunna masa wuta ya sauka, ya sha mai ya ci gaba. Da safe yana Shikago. Wasiƙun sun ratsa ƙasar cikin awa 33 da minti 20.

Ni a wurina mai gadin nan ya cancanci a riƙa ambatonsa tare da matuƙin.

To amma ba za a ce manoma su kwana suna hura wuta kullum ba. Aka fara kafa fitilu tsakanin Shikago da garin Cheyenne na jihar Wyoming, domin jirgin da ya taso da safe daga kowane ɓangare a wannan yankin dare yake riskarsa. Ranar 1 ga Yulin 1924 jigilar dare ta kankama. A 1926 aka miƙa aikin ga Ma'aikatar Kasuwanci, ita kuma ta danƙa shi ga sashen da ke kula da fitilun jiragen ruwa a gaɓar teku. Kibiyoyin nan daga wannan zamani suka fito.

[Kyamara ta sauko kusa da kibiyar]

Yanzu ku zuba ido sosai. Kibiyar gida uku ce. Ga kanta mai tsini. Ga wutsiyarta, wani faffaɗan daɓe. Ga kuma murabba'i a tsakiya, kuma a kusurwoyinsa huɗu akwai guntayen ƙarfe masu tsatsa da aka yanke dab da ƙasa. Waɗannan guntayen su ne amsar tambayarmu. Ƙafafun hasumiya ne, ta ƙarfe, mai tsayin kimanin mita 15. A kanta akwai fitila mai juyawa, tana walƙawa duk bayan daƙiƙa 10, kuma idan sama ta yi garau ana hango ta daga nisan kilomita da yawa. Daɓen wutsiya kuwa ɗakin janareta ne ya zauna a kai, don yawancin wuraren nan babu wutar lantarki a kusa.

Wato abin da ya rage mana a yau ƙasan aikin ne kawai. Babban abin fitilar ce, ita ce ta dare. Kibiyar, wadda aka shafa wa fenti ruwan ɗorawa, ta rana ce, kuma ba filin jirgi take nunawa ba. Hasumiya ta gaba take nunawa, wadda ke da nisan kimanin mil 10, wato kilomita 16. Ita ma waccan tana da tata kibiyar mai nuna ta gabanta. Da yawansu a kan tudu ko tsauni suke, inda ko kusa jirgi ba zai iya sauka ba. Matuƙin da ya ɗauka fili ake nuna masa ya sauko, ya halaka.

To yaya zai gane inda ake sauka? Ga inda abin yake burge ni. Ƙarƙashin babbar fitilar akwai wasu ƙanana biyu, ɗaya tana kallon gaba ɗaya tana kallon baya. Idan ja suke haskawa, ma'anarsa wuce, babu wurin sauka. Idan kore ne, akwai fili a nan.

Ba launi kaɗai ba, ƙiftawa suke yi da harshen tangarahu, gajere da dogo. Haruffa goma aka ware, W, U, V, H, R, K, D, B, G, M, kowanne yana tsaye a madadin lamba, daga 1 har zuwa sifili. Kowace hasumiya tana da lambarta, kuma lambar nisa take faɗa: ka ƙara mata sifili, ka sami yawan mil daga mafarin hanyar. Da rana matuƙi yana karanta ta a rubuce ɓaro-ɓaro a rufin ɗakin janareta. Da dare fitila ce za ta ƙifta masa lambar ƙarshe.

Mu gwada. Kai ne matuƙi, ka taso daga Salt Lake City za ka Omaha. Ka hango kore yana ƙiftawa, gajere, gajere, dogo. Harafin U ke nan, wato 2. Haruffan suna maimaita kansu duk mil 100, saboda haka dole ka riƙe lissafi a kanka. Ka san ka wuce mil 300. To wannan ta 32 ce, mil 320, kuma kore ne, akwai fili.

[Medicine Bow, jihar Wyoming]

Ga shi nan, tasha ta 32. Garin Medicine Bow mutanensa ba su kai 300 ba. Mutane sukan tambaya, ƙaramin gari irin wannan me zai yi da filin jirgi, su wa za su hau? Ai ba don mutanen garin aka yi shi ba. Zango ne, irin na fatake, wanda tsawon tafiyar dabba yake yanke inda za a yi shi, ba girman garin ba. Injin wancan zamani yana iya mutuwa a kowane lokaci, hadari yana iya rufe hanya, don haka aka jera filayen ko-ta-kwana a tazarar da jirgi zai iya kaiwa. Fili ne na ƙasa, an kewaye shi da ƙananan fitilu, da mai kula da shi, wasu kuma da ɗakin aika rahoton yanayi. Tsakanin 1918 da 1927 matuƙan gidan waya sama da 30 ne suka rasu a bakin aiki. Filayen nan don ceton rai aka share su.

Zuwa 1933 an kafa fitilu kusan 1,500 a kan hanyoyi masu tsawon mil 18,000.

Abin da ya kashe su ba wani abin ɓoye ba ne. Fitila ba ta ratsa hazo ko gajimare, rediyo kuwa yana ratsawa. Tun ƙarshen shekarun 1920 aka fara kafa tashoshin da matuƙi zai sa abin ji a kunne: ya karkata gefe guda ya ji harafin A, ya karkata ɗaya gefen ya ji N, idan yana kan hanya sai su haɗe su zama sauti ɗaya miƙaƙƙe. Sannan jirage irin su DC-3 suka shigo a 1936, masu inji biyu da dogon zango. Jirgin da ba ya bukatar tsayawa, ba ruwansa da filinka. Ko Cheyenne, wadda ta zama babbar cibiya saboda tsofaffin jirage ba sa iya haye manyan duwatsun Colorado, ta rasa matsayinta ga Denver da aka sami jiragen da ke tashi can sama.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka sassare hasumiyoyi da dama aka kai ƙarfen masana'antu. Kankare kuwa ba mai sayensa, kuma fasa shi wahala ce, sai aka bar shi inda yake. Shi ya sa kibiya ta rage babu fitila.

[Hotuna a jere: gona, titin tseren mota, titin jirgi mai alamar X]

Filayen kuma kowanne da makomarsa. Wannan ya koma gona. Wannan samari sun mai da shi wurin tseren mota. Wannan babban X da kuke gani a kan titin jirgi, sanarwa ce ga matuƙa cewa an rufe, kada a sauka. Medicine Bow ta yi sa'a, hasumiyarta tana nan a tsaye kuma an saka wurin cikin kundin wuraren tarihi na ƙasar. A filin jirgin Grants da ke New Mexico masu sa kai sun gyara hasumiya da ɗakin janareta da kibiya, mutum ya je ya ga yadda abin yake a cike. Jihar Montana kuwa ta ci gaba da kunna fitilunta a cikin duwatsu shekaru da dama bayan sauran ƙasar ta daina, domin masu ƙananan jirage suna dogaro da su wajen ratsa kwazazzabai da dare. Sai a 2017 aka fara kashe mafi yawansu saboda tsadar kula da su.