Yau Muna Gasa Apfeltaschen a Hamburg

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ga ni a kicin a nan Hamburg, kaka ta shigo, tuffa ta cika kasuwa ta yi araha. Yau za mu gasa abin da Jamusawa ke kira Apfeltaschen, 'yan ƙananan gashin fulawa da tuffa a ciki. Kusan kowane gidan burodi na sayar da su, amma wallahi na gida daban ne.

Bari in matso da tuffar nan ku gani. Fatarta kaushi gare ta, ba ta sheƙi, ja da ɗan ratsin kore. Sunanta Boskop, asalinta garin Boskoop na ƙasar Holan, tun 1856. Na sayo ta a Altes Land, tsallaken kogin Elbe wajen garin Jork, inda gonakin tuffa suke iyakar ganinka. Tsami gare ta, kuma a kan tsamin nan aikin ya tsaya. In kuka ɗauki jajayen nan masu zaƙi, sukari ya hau kan zaƙi, loma biyu ya gundure ku. In babu Boskop, Elstar ma tana yi. Ku na gida kuwa, koriyar nan mai tsami ta masu sayar da kayan marmari, ita za ku nema.

Na fere guda uku, na yanka ƙanana. Ga su a tukunya da ɗan bota, sukari cokali biyu, kirfa rabin ƙaramin cokali, da matsin lemun tsami don kada su yi baƙi. Minti biyar ya isa, su yi laushi ba su narke ba. Sai in dama garin sitaci cokali ɗaya da ruwa in zuba, ya kama ruwan. Kun ga yadda ya yi kauri yana bin cokali? To a sauke, a bar shi ya huce sarai. Don Allah kada ku yi gaggawa a nan.

Dalili kuwa, kwaɓin nan da ake kira Blätterteig hawa-hawa ne, fulawa da mai, fulawa da mai. A cikin zafin oben ruwan da ke jikinsa ke zama tururi ya ɗaga hawa-hawan nan, shi ya sa yake kumbura yana garas-garas. Da zarar haɗi mai zafi ya taɓa shi, man ya narke tun a kan tebur, ba zai tashi ba.

Ga abin da nake so 'yan'uwa Musulmi da ke Jamus su kula da shi: ku juya bayan leda ku karanta. Da yawa daga kwaɓin da ke firij ɗin kanti ana sa musu giya kaɗan don kada su lalace, za ku ga an rubuta Alkohol ko Ethanol. Ni na firiza nake saya, shi ma sai na duba.

Yanzu na yanka shi murabba'i. Cokali ɗaya na haɗi a tsakiya, kada a cika, in shafa ƙwai a baki, in ninke, in danne da cokali mai yatsu kamar yadda muke yi wa mit-fai. In tsaga sama sau biyu da wuƙa don tururi ya sami hanya, sannan gwaiduwa da ɗan madara a kai.

Oben ya riga ya yi zafi, digiri 200, in mai fanka ne 180. Minti ashirin, kuma kada a buɗe a goman farko.

Masha Allah, ku dubi kalar nan! Ku saurara, bari in ɓalla ɗaya kusa da makirfo. Ku ba shi minti goma kafin yara su kai hannu, cikinsa na ƙona baki sosai. Wanda ya kwana, a mayar da shi oben minti biyar, zai dawo da garas ɗinsa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.