Injin niƙa gahawa na karo-karo: me yasa ake biya yau, kaya su iso baɗi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar injin niƙa gahawa zamu yi, amma ba wanda zaka shiga shago ka ɗaga ka juya ka taya ba, a'a, irin wanda ake biyan kuɗinsa tun ba a ƙera shi ba. Eh haka nace, zaka tura dala 200 ko 300 ko ma 500, abinda kake da shi a hannu kawai bidiyo ne na minti uku mai kiɗa a hankali da wani bature yana zuba ruwan zafi a kofi yana murmushi. Mu a wajenmu sunan wannan cinikin biri a sama, su kuma can sun maida shi kasuwa guda mai zaman kanta.

Bari in fara da yadda abin yake tafiya. Akwai manyan shafuka biyu, Indiegogo da aka buɗe a 2008 da Kickstarter da ya zo a 2009, duk a Amurka. Mai ƙirƙira zai zo ya nuna samfur, yace ina buƙatar kaza kafin in fara ƙerawa, duk wanda ya saka kuɗi yanzu zai samu da rangwame in kaya sun fito. A Kickstarter in kuɗin bai kai adadin da aka nema ba to ba a cire wa kowa ko sisi, in ya kai sai shafin ya ɗauki kashi 5 cikin 100, masu sarrafa katin banki suma su ɗauki nasu, saura a miƙa wa mai aikin. Toh abinda mutane da yawa basa karantawa shine su Kickstarter ɗin da bakinsu suna faɗa cewa su ba shago bane. Ba saya kayi ba, gudummawa ka bayar aka yi maka alƙawari. Kuma ba adashe bane balle kace ranar kwasarka tana nan zuwa ko ana ha-maza ha-mata.

Toh me yasa mutum mai hankalinsa zai yi wannan kasadar akan injin niƙa? Saboda masu shan gahawa na gaske, ba irinmu 'yan Nescafe da madara a teburin mai shayi ba, sun daɗe da gano cewa injin niƙan ya fi tukunyar dafawar muhimmanci. Kuma zuciyar injin shine haƙoransa.

[a nuna haƙoran inji guda biyu a tafin hannu]

Ku dubi wannan da kyau. Duk wanda ya taɓa kai hatsi inji ya san akwai ƙarafa biyu masu tsage-tsage da suke goga juna, in kana so a ɓarza maka tsaki sai mai inji ya sassauta, in gari mai laushi kake so sai ya matse. Daidai haka abin yake anan, sai dai ƙarami. Iri biyu ne, akwai masu faɗi kamar faifai guda biyu suna kallon juna, akwai kuma mai kamar katantanwa da yake juyawa a cikin zobe. Ana auna su da milimita, na hannu zaka ga 38 ko 40 ko 48, na gida mai lantarki 54 zuwa 64 har 83, shi kuwa EK43 na kamfanin Mahlkönig da ake gani a manyan shagunan gahawa nasa 98 ne.

Abinda ake nema a wajen haƙoran nan abu ɗaya ne, garin ya fito kai ɗaya. Ku tuna in kika haɗa tsaki da gari mai laushi a tukunya ɗaya, kafin tsakin ya nuna garin ya riga ya dame ya kama ƙasa. Gahawa ma haka take, ƙwayoyin da suka yi laushi sosai ruwa yana tatse su fiye da kima sai su bada ɗaci, manyan kuma ruwa bai gama shiga cikinsu ba sai su bada tsami, ka kurɓa kaji ɗaci da tsami a lokaci guda ka rasa laifin waye. Kuma maganar da muke ba ta abinda ido yake gani bace, garin esfireso, wato gahawar nan mai ƙarfi da inji yake matsa ruwan zafi ta cikin garinta, ana maganar maikuron ɗari biyu zuwa ɗari uku ne, kaurin gashin kai guda uku ko huɗu kenan. Shi yasa injin nan mai wuƙa kamar farfela da ake niƙa yaji da shi baya yi, shi sara kawai yake, wani ya zama ƙura wani ya rage rabin ƙwaya.

Kuma haƙora masu kyau kaɗai basu isa ba, sai sun zauna daidai. Ni na taɓa sayen wani ƙaramin na hannu mai haƙoran tangaran, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, wlh in kana juyawa zaka ga haƙorin ciki yana rawa kamar tayar keken da ta lanƙwashe, na tankaɗe garin a rariya don in gani da idona, ƙasa ƙura sama ɓarzajje kamar za a yi fate. 'Yan harkar suna da wata dabara ta gwaji, su shafa tawadar alƙalamin maka a gefen haƙorin su mayar su matse har ƙarafan su ɗan taɓa juna, su juya da hannu su buɗe. In tawadar ta goge ko'ina toh lafiya lau, in gefe ɗaya ta goge ɗaya gefen tana nan sai kaga babban mutum da gemunsa yana yanka takardar alminiyam ƙanana-ƙanana yana cusawa a ƙarƙashin haƙori don ya daidaita, injin da ya biya ɗaruruwan daloli fa. Kakanninmu da suke kiran mai koɗa dutsen niƙa in ya yi santsi sun san wannan ilimin tun tuni, fuskar dutse ita ce niƙa.

Toh yanzu ga inda labarin yake da daɗi. Misali biyu zan baku kuma hanyoyinsu daban.

Na farko Niche Zero, daga Ingila. Wani mai zana kayan kicin Martin Nicholson ya kawo shi Indiegogo a 2017. Abinda ya sayar wa mutane shine injin da baya riƙe gari a cikinsa, ka auna giram 18 ka zuba ka samu kusan giram 18 ɗinka, ba irin injinan shago da suke ɓoye garin jiya su haɗa maka da na yau ba. Amma dabarar da ni nake ganin ita ce ta cece shi, bai ce zai ƙirƙiro sabon haƙori ba. Ya je ya ɗauko na kamfanin Mazzer na Italiya mai milimita 63, wanda dama an daɗe ana amfani da shi a shaguna, shi kuma ya gina jiki da mota mai juyawa a hankali a kewayensa. Duk da haka sai a 2018 kaya suka fara isa hannun mutane, amma da suka isa ba a yi ta rigima akan niƙan ba. Daga baya ma abin ya koma in an saki kaso ɗaya kafin ka gama neman katinka an ce ya ƙare.

Na biyu Ode, na kamfanin Fellow da yake San Faransisko. Sun shiga Kickstarter a ƙarshen 2019 suka tara sama da dala miliyan 1, kuma gaskiya injin kyakkyawa ne, baƙi gajere kamar ka ajiye shi a falo don ado. Su kuma haƙora masu faɗi suka saka, milimita 64, nasu na kansu. Tun farko sun faɗa ba na esfireso bane, na gahawar tacewa ne. Sai ga korona a 2020 ta rufe masana'antu ta hargitsa jiragen ruwa, kaya suka fito a wannan shekarar dai, toh amma da suka fito sai ƙorafi ya fara, mutane suka ce ko ka kai shi lamba ta ƙarshe niƙan baya laushi yadda ake so, musamman ga gahawar da ba a soya ta sosai ba wadda ita sai da laushi take bada ɗanɗanonta. Kamfanin ya gyara haƙoran ya fitar da wasu, sannan a 2022 ya fito da Ode Gen 2 da sabon haƙori gaba ɗaya. A tsakanin nan mutane da yawa sun gaji da jira sun sayi haƙoran kamfanin SSP na Koriya ta Kudu sun ɗaura, kuɗin da ya kai rabin farashin injin ko fiye. Kaga wanda ya shiga karo-karo don ya samu rangwame ƙarshenta ya biya fiye da wanda ya zauna ya jira. Ba cewa nake sun cuci kowa ba, injin ya zo kuma sun gyara, amma waɗanda suka fara biya su aka yi gwaji a kansu.

Toh shi jinkirin daga ina yake zuwa, tunda kusan kowanne sai ya makara? Wani malami a jami'ar Fensilbeniya, Ethan Mollick, ya bincika ya gano sama da kashi 75 cikin 100 na masu ƙera kaya ta wannan hanyar basa cika alƙawari akan lokaci, a wani binciken nasa na 2015 kuma ya samu kusan kashi 9 cikin 100 na ayyukan basa kawo komai sam. Ba wai duk 'yan damfara bane, yawancinsu basu san bambancin yin ɗaya da yin dubu goma bane. Samfurin da ka gani a bidiyo injiniya ne ya zauna ya sassaƙa shi da hannu ya daidaita komai har ya gamsu. In za a yi dubbai sai an fara yin mazubi na ƙarfe da zai fitar da siffar kowane ɓangare, wannan kaɗai makonni ne ko watanni kuma kuɗi ne masu yawa, in aka zuba na gwaji aka ga kuskuren da bai kai kaurin takarda ba a mazaunin haƙori sai a koma a gyara a sake zubawa a sake aikowa. Kana cikin haka sai sabuwar shekarar Sinawa ta zo a Janairu ko Fabrairu, masana'antu su rufe ma'aikata su tafi garuruwansu, wasu ma basa dawowa sai an koya wa sababbi aiki. Ga takardun shaidar lafiyar lantarki na Turai daban na Amurka daban, ga mota iri biyu saboda wutar Amurka 120 ce ta Turai 230. Ga jirgin ruwa, kun tuna Ever Given da ya toshe mashigin Suwez a Maris 2021 kwana shida, ai kwantenoni nawa suka yi cirko-cirko.

Abin mamakin ma shine samun kuɗi da yawa kansa matsala ne. Akwai ZPM Espresso, wannan injin dafawa ne ba na niƙa ba amma darasin ɗaya ne, wasu matasa suka nemi dala dubu 20 a Kickstarter aka basu kusan dubu 370 a farkon 2012. Shirinsu na yin 'yan kaɗan da hannu ya koma sai an nemi masana'anta, aka yi ta ja shekara uku ana rubuto wasiƙun haƙuri har abin ya ruguje, mafi yawan waɗanda suka biya basu ga inji ba basu ga kuɗinsu ba. Kaya sun fi ƙarfin jaki kenan.

Yanzu kuma salon ya ɗan canza, manyan kamfanoni ma sun shigo. Timemore na Shanghai da dama suna sayar da injinan hannu ko'ina a duniya sun kawo Sculptor ɗinsu Kickstarter a 2023. Irin waɗannan ba jari suka rasa ba, talla ce da kuma sanin adadin masu so kafin a fara, don haka tsoron kar kaya su ƙi zuwa kaɗan ne, jira dai da 'yan matsalolin kason farko suna nan.

Toh in har zuciyarka ta riga ta tafi, ni abinda nake fara dubawa ba launi ko kyan jiki bane, gangarawa nake ƙasan shafin in ga wa ya ƙera haƙorin. In sananne ne kuma girman da ake samun na canji a kasuwa kamar 64, ko bai yi maka ba zaka iya cirewa ka saka wani. In kuma sabo ne da suka raɗa masa suna mai daɗi, toh sai in ga ko sun aika wa mutanen da ba yaransu ba sun niƙa sun sha sun faɗi gaskiya. Sai in duba ko sun taɓa ƙera abu mai mota a baya, don wanda ya iya yin buta ba lallai ya iya inji ba. Ranar da suka rubuta kuma ƙara mata wata shida a ranka don kar hawan jini ya kama ka.

Mu kuma da muke Najeriya ko Nijar akwai ƙarin namu, da yawansu ma basa aikowa nan sai ka bi ta adireshin wani a waje, ga kuɗin jirgi ga kwastan ga canjin dala da zai iya tashi tsakanin ranar biya da ranar da za a ce ka biya kuɗin aikowa, in wani ɗan ƙarfe ya karye kuma babu inda zaka mayar. Kuma don Allah in fom ɗin zaɓe ya zo ka zaɓi mai wutar 220 zuwa 240, kar ka ɗauko na Amurka ka jona a soket ɗinmu, shekara guda kana jira sannan a minti ɗaya kaji ƙauri.