Nawa Ne Ya Isa Aji?

Masu sauraro, duk lokacin kasafi shugabannin ƙananan hukumomi sai su fito da waƙar da muka haddace: mun ware kaza ga makarantu, mun ware kaza ga 'yan sanda, a tafa mana. A tafa a kan me? Warewa ai a takarda ake yin ta. Mu tambayarmu ɗaya ce: nawa ya isa inda aka nufa?

Ku dubi Uganda. A 1996 aka bi sawun kuɗin ɗawainiyar ɗalibai da gwamnati ke tura wa makarantun firamare, aka tarar daga 1991 zuwa 1995 kashi 13 cikin ɗari kacal ke kaiwa makaranta. Sauran ya maƙale a hannun jami'an gundumomi. Da aka fara buga adadin a jaridu, ana liƙa shi a allon sanarwar makarantu, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Da iyaye suka san adadin, sai masu lashewa suka shiga taitayinsu.

To ko ya isa, me ya tsinana? A ƙirga malaman da ke takardar albashi, sannan a leƙa aji da safe a ƙirga waɗanda ke gaban allo. A miƙa wa ɗan shekara goma littafi ya karanta layi biyu. Sabon fenti ba ya karatu.

Haka batun 'yan sanda. Kullum motocin sintiri ake jera mana. A birnin Kansas na Amurka, tsakanin 1972 da 1973, an ninka sintirin mota a wasu unguwanni, aka janye shi a wasu, laifuka ba su nuna wani bambancin a zo a gani ba. Ku tambaya: in an kira su, minti nawa kafin su iso? Ƙorafi nawa ya kai kotu? In kuma aka ce rahoton laifi ya ragu, ku yi hattara, wataƙila mutane ne suka gaji da kai ƙara.

Wai kasafi sai akanta ke gane shi. Haba! Abin da aka ware, abin da aka saki, abin da aka kashe: layi uku ne. A liƙa su a ƙofar kowace makaranta da kowane caji ofis, mu karanta da kanmu mu ga nawa ya isa.