Sharhi: Soyayyar 'Yan Leƙen Asiri, a Littafi da kuma a Birnin Bonn

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wani rukuni na ƙagaggun labarai da ba ya rasa kasuwa a duniya, wato wanda ake haɗa soyayya da leƙen asiri da rikicin ƙasashe a cikinsa. Kusan kowa ya san yadda ake shirya shi. Ƙasashe biyu ba sa ga maciji da juna, sai a turo wani jami'i ya sato sirri. Ya haɗu da wata, ya kusance ta saboda aiki, can sai zuciya ta ƙwace masa. Daga nan sai gudu da ɓuya, fasfo na bogi, jirgin ƙasan dare, harbe-harbe a bakin iyaka, a ƙarshe ya zaɓe ta ya juya wa ƙasarsa baya. Ina karanta irin waɗannan littattafai, ina kuma jin daɗinsu. Abin da ke damuna shi ne akasarinsu ta idon wanda ya zo yin yaudara suke kallon labarin, alhali kuwa nauyin yana wuyan wadda aka yaudara.

Jamus ta ga wannan al'amari a zahiri lokacin yaƙin cacar baka. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasar ta rabu biyu, Gabas tana tare da Tarayyar Sobiyet, Yamma tana tare da Amurka. Hukumar tsaron sirri ta Jamus ta Gabas, wadda aka fi sani da Stasi, tana da sashen leƙen asirin ƙasashen waje, kuma Markus Wolf ne ya shugabance shi daga 1952 har zuwa 1986. Wolf ya lura da wani abu a Bonn, ƙaramin garin da Jamus ta Yamma ta mai da babban birninta. Minista abin da ke gabansa ya sani, amma sakatariyarsa ita ke buga wasiƙa, ita ke jera fayil, ita ke riƙe da makullin durowa. Ga shi kuma yaƙi ya cinye maza masu ɗimbin yawa, mata da dama sun kai shekara talatin ko arba'in ba aure, suna wuni a ofis su koma ɗaki su kaɗai. Sai aka riƙa zaɓo maza masu natsuwa da iya sauraro, a koya musu halin matar da abin da take so, a tura su. Waɗannan su ne aka yi wa laƙabi da 'yan Romeo, wato sunan shahararren masoyin nan na wasan kwaikwayon Shakespeare.

A nan littafi da tarihi suka fara raba hanya. Hoton da marubuta suka fi so shi ne na hatsabibiyar kyakkyawa mai juya kan janar-janar, irin abin da ake faɗa game da Mata Hari, 'yar ƙasar Holan da Faransa ta harbe a 1917. A Bonn kuwa namiji ne ɗan kai farmaki, kuma makaminsa haƙuri ne: ya tuna ranar haihuwarta, ya saurari kukanta game da ogan ofis, ya yi watanni bai tambaye ta ko takarda guda ba.

Ku dubi Leonore Sütterlin. Sakatariya ce a ma'aikatar harkokin wajen Jamus ta Yamma. Wani mai ɗaukar hoto, Heinz Sütterlin, ya neme ta har suka yi aure, ashe KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, yake yi wa aiki. Ta riƙa fito da takardun sirri daga ofis, shi kuma yana ɗaukar hotonsu. A 1967 wani jami'in KGB ya sauya sheƙa zuwa Yamma ya tona musu asiri, aka kama su. Da farko ta dage tana kāre mijinta. Da masu bincike suka nuna mata cewa umarni aka ba shi ya aure ta, sai ta rataye kanta a ɗakin da ake tsare da ita. Kamun bai karya ta ba, sanin cewa auren ma aiki ne ya karya ta. Ni dai ban ga harbin bakin iyaka da ya kai wannan daren tayar da hankali ba, kuma daidai wurin ne marubuta da yawa ke tsallakewa don su koma kan bindiga.

Hukumomin nan kuma ba su tsaya ga kalaman baki ba. An shirya wa wasu matan ɗaurin aure na bogi a Jamus ta Gabas, da jami'in rajista da shaidu da sa hannu, ba tare da auren ya shiga kundin hukuma ba. Wolf da kansa ya ba da labarin wata mai riƙo da addinin Katolika da ke aiki da ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda zuciyarta ta kasa samun sukuni, ta ce sai ta je ta faɗa wa limamin coci laifinta. Sai suka kawo mata jami'insu sanye da rigar fada, ya saurare ta, ya kwantar mata da hankali, aiki ya ci gaba. An shiga tsakaninta da masoyinta, an kuma shiga tsakaninta da ibadarta.

Wani zai ce ai littafin nishaɗi ne, mai karatu hutu yake nema, me ya kai shi ɗakin kurkuku? Gaskiya ne, kuma ban ce dole kowane labari ya ƙare da kuka ba. Amma abin da ke hana mai karatu ajiye irin wannan littafi tambaya ɗaya ce: ni yake so, ko abin da ke hannuna? Masu karanta littattafan soyayya na Kano da waɗanda ke bibiyar labarai a waya sun san wannan tambaya sarai, don a kanta aka gina labaran yaudara masu yawa. Leƙen asiri yana ƙara mata farashi ne kawai, har ta kai ga amsarta na iya kayar da gwamnati. Jamus ta Yamma ta ɗanɗana irin wannan faɗuwa a 1974, lokacin da shugaban gwamnati Willy Brandt ya sauka bayan an gano cewa na hannun damansa, Günter Guillaume, mutumin Wolf ne. Idan marubuci ya gaggauta wanke jaruminsa da cewa ai daga baya ya so ta da gaske, to ya kashe tambayar tun ba ta nuna ba.

Kada kuma a ɗauka duk matan nan marasa wayo ne da aka ja da igiya. Gabriele Gast ɗalibar digirin digirgir ce lokacin da ta je bincike Jamus ta Gabas a 1968, inda ta haɗu da mutumin da aka ɗora a kanta. Ta gano ko shi wane ne, amma ba ta janye ba. A 1973 ta samu aiki a BND, hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma, ta yi ta hawa har ta zama babbar mai nazari kan Tarayyar Sobiyet, tana miƙa bayanai Gabas shekara da shekaru, har ta sha ganawa da Wolf ido da ido. Soyayya ce ta buɗe ƙofar, amma daga baya aƙida da jin cewa ana daraja basirarta suka shiga ciki. Katangar Berlin ta faɗi a 1989, a 1990 kuma, ana gab da haɗe ƙasar, wani tsohon jami'in Stasi, hukumar da ta bauta wa a ɓoye, ya fallasa ta. Aka yanke mata ɗaurin shekara shida da wata tara.

Irin wannan macen nake so in gani a tsakiyar littafi: mai ilimi, mai laifi, wadda aka yaudara kuma ita ma ta yaudari abokan aikinta da suka amince da ita, ta yi shekara goma sha bakwai tana gaisawa da su kowace safiya. Rubuta ta ya fi rubuta jarumi mai bindiga wuya, domin marubuci ba zai iya wanke ta ba, ba kuma zai iya tsine mata ba.