Lacca: Yadda Kiristoci suka fara ziyarar ibada zuwa Urushalima

Toh 'yan'uwa barkanmu da yamma, waɗanda ke baya kuna jina ko? Madalla. Abu na farko da nake so ku riƙe shine babu wani wuri a Sabon Alkawari da aka wajabta ma Kirista zuwa Urushalima. A Yohanna sura 4 ma Yesu ya gaya ma matar nan Basamariya cewa lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ko a Urushalima za a yi ma Uba sujada ba. Toh in haka ne me ya ja mutane suka dinga barin gida da iyali suna tafiyar wata da watanni? Ni a ganina ƙauna ce, mutum ya karanta labarin Baitalami da Dutsen Zaitun har zuciyarsa ta ce sai na taka ƙasar nan da ƙafata.

Da farko masu zuwa tsiraru ne sosai, kaman Melito bishop na Sardis wajen shekara ta 170, domin lokacin ana tsananta ma ikkilisiya, kuma tun 135 sarkin Rum Hadiriyan ya canza ma birnin suna zuwa Aeliya Kapitolina, aka gina haikalin gumaka a kan wurin da Kiristoci ke cewa nan kabarin Yesu yake. Sai 313 da sarkin Rum Konstantin ya ba Kiristoci 'yancin addini abubuwa suka canza. Mahaifiyarsa Helena, tsohuwa tukuf ta kusa shekara 80, ta tashi ta tafi Falasɗinu wajen 326, aka gina coci a Baitalami da Dutsen Zaitun, shi kuma babban Cocin Kabari Mai Tsarki aka keɓe shi a 335.

Amma wadda ta fi burge ni ita ce Egeriya, wata mata daga can yammacin Turai da ta yi shekaru tsakanin 381 zuwa 384 tana yawo a wuraren nan tana rubuta ma 'yan'uwanta mata na gida abin da ta gani. Ta hau Dutsen Sina'i da ƙafa fa, kuma duk inda ta isa sai an buɗe nassin da ya shafi wurin an karanta an yi addu'a sannan a wuce gaba. Ta ba da labarin ranar Juma'ar da ake tuna mutuwar Yesu, bishop na zaune ya dafe itacen gicciye da hannu biyu, dikinoni sun kewaye shi suna gadi, jama'a na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sumbata, dalilin gadin kuwa wai an taɓa samun wani da ya gatsa ya gudu da ɗan guntu a bakinsa! Ta ce in ana karanta shan wuyar Ubangiji babba da yaro kuka suke yi.

Ba kowa ya yarda da tafiyar ba, bishop Giregori na Nissa da kansa ya je ya dawo ya ce canza wuri baya kusantar da mutum ga Allah. Gargaɗinsa na kan hanya, amma bai hana kowa ba.

Da Musulmi suka karɓi birnin wajen 638, ana ba da labarin cewa Halifa Umar ya ƙi yin salla a cikin Cocin Kabari don kada a mayar da shi masallaci bayansa, ziyara kuma ta ci gaba. An rushe cocin a 1009 zamanin halifan Masar Al-Hakim, sai yaƙe-yaƙen 'yan gicciye daga 1095, jinin da suka zubar da suka ci Urushalima a 1099 kuwa abin baƙin ciki ne da bai kamata mu ɓoye ba. A Turai mutane suka riƙa zuwa Roma da Santiyago a Sifen da Kantabari a Ingila, a Habasha kuma sarki Lalibela ya sa aka sassaƙa coci-coci cikin dutse su zama masu sabuwar Urushalima.

Mu nan Najeriya hukumar kula da ziyarar Kiristoci ta ƙasa a 2007 aka kafa ta, wanda ya je ya dawo kuma ana saka masa JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan suna. Waɗanda za su tafi bana in kun isa Cocin Kabari da asuba ku lura da mai buɗe ƙofar, har yau iyalan Musulmi biyu ne ke wannan aikin, gidan Judeh ke riƙe mabuɗi, gidan Nusaiba ke buɗewa. Toh akwai mai tambaya?